Magatakardan Jakada



Kun saba mu zo muku da labarin fatake da hanyar goro, ko ladubban zaman makoki, ko asalin sunayen unguwanninmu. Yau mun zo da zancen da wasu za su ga bai dace da mai furfura ba, wato wani wasan talabijin na Amurkawa da aka gina a kan halittun wasu duniyoyi da jiragen da ke ratsa tsakanin taurari. Muna roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin akwai bashin da muke son ragewa, kuma wasan nan ne ya tuna mana da shi.

A ƙarshen watan Maris na 2020, da annoba ta sa hukuma ta kulle manyan biranen ƙasar nan ta Gana har makonni uku, zauren Maigida ya zama kango. Babu mai kawo ƙara, babu ɗaurin aure, babu wasiƙar da za a rubuta. Mu da muka shekara fiye da ashirin muna zama a gefen tabarmarsa da alƙalami da littafi, sai ga mu a gida ba aikin fari ba na baƙi. Babban ɗanmu ne ya ga zaman ya ishe mu, ya ɗauko kwamfutarsa ya ce, "Baba, ku zo ku ga wani abu, akwai wani mutum a ciki da aikinku ɗaya da shi." Turancinmu na takarda ne, wanda muka tsinta a makarantar dare bayan mun sauke karatun allo, idan Ba'amurke ya saki baki sai ya bar mu a baya. Saboda haka yaron ya zama tafinta, yana tsayar da hoton yana fassarawa. Kafin a buɗe gari mun yi nisa, bayan an buɗe kuma muka ci gaba da dare har muka ƙare.

Sunan wasan Babylon 5. Wani marubuci mai suna J. Michael Straczynski ne ya ƙirƙire shi, aka nuna shi daga 1994 zuwa 1998, zango biyar, kashi 110, kuma shi kaɗai ya rubuta 92 daga ciki. Tun kafin a fara ya riga ya tsara mafarin labarin da ƙarshensa, shi ya sa maganar da aka yar a shekarar farko takan dawo ta kama mai ita a ta huɗu. Labarin yana faruwa ne daga shekarar 2258, a wani makeken masauki da 'yan Adam suka gina a sararin samaniya, tsawonsa mil biyar, mazaunansa kusan dubu ɗari biyu da hamsin. An gina shi ne bayan wani mummunan yaƙi, domin al'ummomi su samu inda jakadunsu za su zauna su yi magana kafin a kai ga zare makami. Akwai kasuwa, akwai masauƙin baƙi, akwai lungun talakawan da suka zo neman arziki kuɗin komawa ya gagare su. Da yaron ya gama bayani muka ce masa, ai wannan zango ne, sai dai an rataye shi a sama.

Labarin yana da rassa da yawa. Akwai na shugaban 'yan Adam da mataimakinsa ya sa aka kashe ya haye kujerarsa, ya kafa ƙungiyar 'yan leƙen asiri da ke biyan mutum ɗan ƙarin albashi domin ya kai rahoton maƙwabcinsa. Akwai na yaƙin wasu tsofaffin halittu biyu da suka mai da ƙananan al'ummomi 'ya'yan dara. Amma reshen da ya hana mu barci na mutum uku ne.

Na farko Londo Molari, jakadan daular Sentari. Daular nan ta taɓa mulkin duniyoyi masu yawa, ta tsufa, ƙarfinta ya ƙare, saura tufafin ado da labarin da. An turo Londo wannan masauki ne saboda babu mai son kujerar, domin masaukai huɗu da aka gina kafin wannan, uku an rushe su, na huɗu ya ɓace. Dattijo ne mai raha, mai son sha da caca, ana yi masa dariya yana taya masu yi, amma cikinsa cike yake da baƙin cikin abin da mutanensa suka zama. Na biyu Jikar, jakadan Narn, al'ummar da Sentarawa suka mulka shekara ɗari, suka bautar da ita, suka lalata ƙasarta, kafin ta ƙwaci kanta. A farkon wasan shi ne mai zafin kai da makirci, har mai kallo ya ɗauka shi ne mugun labarin. Na uku Vir Koto, magatakardan Londo, saurayi mai jiki, mai in'ina idan ya tsorata, wanda danginsa suka turo nesa domin su huta da shi. Shi yake riƙe takardu, shi yake kai saƙo, shi yake tashin maigidansa idan ya kwana da maye. Shi ne mutumin da ɗanmu yake nufi.

Wata rana wani baƙo mai fara'a da tsabtar tufafi, sunansa Morden, ya bi jakadun ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya guda: me kake so? Jikar ya ce fansa yake so, a murƙushe Sentarawa, da aka tambaye shi sai kuma me, ya rasa amsa. Baƙon ya wuce. Londo ya fara korarsa, da ya matsa masa sai bakinsa ya suɓuce ya faɗi abin da ke ransa: yana son mutanensa su koma matsayinsu na da, a daina yi musu kallon tsohon zakin da haƙoransa suka zube. Baƙon ya yi murmushi, ya samu wanda yake nema. Morden ɗan aiken wasu tsofaffin halittu ne da ake kira Inuwoyi, waɗanda aƙidarsu ita ce a haɗa al'ummomi faɗa domin mai ƙarfi ya fito.

Abin lura shi ne yadda aka ja Londo a hankali. Alherin farko ƙarami ne, an sace wani kayan sarauta mai daraja na daularsu, aka dawo masa da shi ba a nemi ko sisi ba. Na biyu, yana da rigimar iyaka da Narnawa, aka ce ya bar musu. Da gari ya waye an shafe sansanin Narnawa gaba ɗaya, rayuka dubu goma. Londo ya firgita, ya ce shi bai nemi haka ba, amma sunansa ya riga ya tashi a fada, waɗanda ke yi masa dariya jiya sun fara aiko gaisuwa, bai kuwa mayar da gaisuwar ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kashin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wanda tsohon sarkin Sentari, Turhan, ya zo masaukin yana fama da ciwon ajali. Jikar ya shirya kashe shi a wurin liyafa, ya rubuta wasiyyarsa. Kafin ya kai gare shi sarkin ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya zo wa Jikar da saƙo daga gadon jinya: sarkin ya yi wannan doguwar tafiya ne domin ya tsaya a gaban Banarne ya ce sun yi kuskure, ya nemi gafara. Jikar ya fita da farin ciki ya nemo Londo, ya saya masa abin sha, ya ɗaga kofi saboda zaman lafiyar da ke tafe. Londo ya karɓi kofin hannunsa na rawa, domin sa'o'i kaɗan kafin nan ya riga ya aika a gaya wa Morden a far wa wani mazaunin Narnawa, shi da wani bafade mai suna Refa suna so su nuna ƙarfi kafin a naɗa sabon sarki. Da sarkin zai cika, ya raɗa wa Londo cewa shi da Refa tsinannu ne. Londo ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa sarki ya sa musu albarka ya ce a ci gaba. Yaƙi ya ɓarke.

Wanda aka aika ya kirawo Morden shi ne Vir. Ya roƙi maigidansa kada ya yi, ya ce masa idan aka ƙetare wannan babu dawowa. Londo ya ce ba shi da zaɓi, Vir ya ce yana da shi. Ya gama faɗin gaskiyarsa, sannan ya juya ya tafi ya kai saƙon. A nan muka ce wa yaron ya rufe kwamfutar, dare ya yi. Ya dube mu, domin ko ƙarfe goma ba ta yi ba.

Ga abin da ya tashe mu. Shekaru da dama da suka wuce, a wata shekarar zaɓe, shugabancin jama'armu yana cikin rigima. Gida biyu ne ke ja, na Maigida da na wani dattijo da ba za mu ambaci sunansa ba, za mu kira shi Alhaji. Maigida ba azzalumi ba ne, mun shaide shi da ciyar da marayu da kwana a ofishin 'yan sanda saboda 'ya'yan wasu. Ciwonsa ɗaya, ya ga zamanin mahaifinsa, lokacin da ba a yanke wata magana a kan unguwar nan sai an aiko an tambaya, ya kuma ga nasa zamanin da ake taron gari a ba shi kujerar baya. Yakan zauna da dare yana ba mu labarin ayarin Gonja da kasuwar Salaga, da yadda kakanninmu suka riƙe cinikin goro daga kurmi har ƙasar Hausa, ya ƙare da cewa yau mun zama 'yan gadi da masu tura baro. Sai wani ɗan siyasa ya fara zuwa gaisuwa. Ya gyara rufin zaure bai nemi komai ba. Ya sa aka saki wasu yaranmu da aka kama. Rannan ya ce, Baba, me kuke so a yi muku?

Abin da aka ƙulla shi ne a rubuta takardar koke zuwa ga hukuma da sunan jama'a, a ce rumfunan da ke filin Alhaji matattarar ɓarayi da masu sayar da ƙwaya ce, a kuma ƙara da cewa masu su ba 'yan ƙasa ba ne. Duk Bahaushen Gana ya san nauyin wannan kalma ta ƙarshe. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda makonni biyu su bar ƙasa, aka loda mutanen da aka haifa a nan cikin manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Wuƙar da aka yanka mu da ita muka ɗauko za mu soka wa ɗan'uwanmu. Muka ce, "Ranka ya daɗe, wannan magana ba haka take ba, kuma ka san ba haka take ba. Kakan Alhaji da kakanka ayari ɗaya ya kawo su." Ya ce, "Malam, ni ma ba a son raina ba ne, amma idan ban yi ba su za su yi mini. Rubuta." Muka rubuta. Muka ma gyara Turancin ya yi kyau, muka buga hatimi, muka kai da ƙafarmu.

Ba a yi wata biyu ba aka zo da asuba aka rushe rumfunan. A cikinsu akwai shagunan teloli, da wurin wata tsohuwa mai koko da ƙosai, da rumfar makarantar allo wadda mahaifin Alhaji ya kafa, inda mu kanmu muka fara riƙe alƙalami. Alhaji ya sayar da abin da ya rage ya koma wani gari wurin 'yarsa. Maigida ya samu kujerar gaba a taron gari. Ɗan siyasar nan kuwa ya ci gaba da zuwa, yanzu ba ya cire takalmi a ƙofar zaure, kuma duk abin da ya kawo sai an sa hannu. Filin, daga baya, wani na kusa da shi ya gina shaguna a kai.

Shekara da shekaru muna gaya wa kanmu cewa mu 'yan aike ne, ɗan aike kuwa ba ya laifi, kuma ai mun faɗi gaskiya kafin mu rubuta. Da muka ga Vir ya faɗi tasa gaskiyar ya kuma tafi kiran Morden, sai muka ga yadda abin yake daga waje. Nasihar da ya yi ba ta rage ko mutum ɗaya daga waɗanda suka mutu ba. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, mu kuwa a da mun ɗauka mugun bafade shi ne mai zuga. Ashe har da wanda ya san gaskiya, ya faɗe ta sau ɗaya a hankali domin ya wanke kansa, sannan ya miƙa hannu ya karɓi takarda.

Muka koma kallo bayan kwana biyu. Sentarawa suka ci yaƙi. Suka kewaye duniyar Narn suna yi mata ruwan manyan duwatsu daga sama, makamin da dokar al'ummomi ta haramta, Londo yana tsaye a tagar jirgi yana kallo, bai ce uffan ba. Aka tuɓe Jikar daga jakadanci, ya zama ɗan gudun hijira a masaukin da ya taɓa zama mai faɗa a ji. Aka kafa doka cewa duk Banarnen da ya kashe Basentare ɗaya, za a kashe Narnawa ɗari biyar har da iyalinsa. Sauran manyan dauloli suka yi Allah wadai da baki, gwamnatin 'yan Adam ma ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da masu nasara.

A cikin wannan hali Vir ya haɗu da Jikar su biyu a na'urar hawa bene. Ya daure ya ce masa ya yi haƙuri, ya yi ƙoƙarin hanawa ba a saurare shi ba. Jikar ya zaro wuƙa ya yanki tafin hannunsa, jini yana ɗiga, kowane ɗigo yana kiransa mamaci, sannan ya tambaye shi yadda zai ba waɗannan haƙuri. Vir ya ce ba zai iya ba. Jikar ya ce to shi ma ba zai iya yafewa ba. Marubucin bai sassauta wa Vir ba don yana da kirki, kuma mun ga daidai ne. Amma Vir bai tsaya a nan ba. Da aka tura shi jakadanci wata duniya, sai ya ƙirƙiri wani jami'in da babu shi, ya riƙa buga takardun ƙarya da sunansa yana fitar da Narnawa daga sansanonin bauta, har kusan mutum dubu biyu, kafin asirinsa ya tonu a sauke shi. Da takarda da hatimi ya yi wannan aiki, kayan da ya san kansu.

Jikar kuma ya bi wata hanya. Ya sha wata ƙwaya da ke ba mutum ikon shiga tunanin wani, ya far wa Londo ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya ga dukan asirinsa. A cikin wannan maye aka nuna masa surar mahaifinsa, wanda Sentarawa suka rataye a bishiya, yana gaya masa cewa idan al'ummomin biyu suka ci gaba a haka babu wanda zai rage. Aka ɗaure shi kwana sittin, a kurkuku ya fara rubuta littafi, ya fito wani mutum dabam. Londo kuwa ya ga abin da hannunsa ya shuka: sarkin da shi da Refa suka ɗora, Kartajiya, mahaukaci ne da ke hira da kawunan waɗanda ya yanka, yana shirin barin duniyarsu ta ƙone domin a ɗaukaka shi ya zama abin bauta. Da Jikar ya faɗa hannun wannan sarki, tun kafin a yi masa bulala a ƙwaƙule masa ido ɗaya, sai Londo ya same shi a kurkuku ya nemi ya taimake shi su kawar da sarkin, Jikar kuma ya ce sai dai idan za a 'yanta ƙasarsa. Maƙiyan nan biyu suka ƙulla. A ranar da aka shirya abin ya so ya ɓaci, allurar dafin ta faɗi daga hannun Londo, Vir ne ya ɗauka ya soka wa sarki. Daren nan ya sha ya bugu yana kuka, yana tambayar yadda aka yi ya zama mai kisa. Londo ya cika alkawari, Sentarawa suka janye daga Narn.

Mai kallo zai so a ce daga nan komai ya daidaita, amma bashin Londo bai ƙare ba. Inuwoyi sun tafi sun bar barorinsu, waɗanda suka binne bama-bamai a duniyar Sentari suka ce ko ya karɓi sarauta da wata halitta manne a wuyansa tana juya shi, ko su tashi ƙasar. Ya karɓa. Kujerar da ya yi mafarkinta ya same ta a matsayin fursuna. Kafin ya tafi a ɗaura masa wannan abu ya je sallama da Jikar, wanda a lokacin ya zama mai tsaron lafiyarsa. Tun kafin nan, bayan ciwon zuciya ya kusa kashe shi, Londo ya riga ya buɗe baki ya nemi gafararsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. A wurin sallamar Jikar ya gaya masa cewa mutanensa ba za su taɓa yafe wa Sentarawa ba, amma shi a karan kansa ya yafe wa Londo. Shekaru bayan haka suka mutu hannun kowa a wuyan ɗan'uwansa, kamar yadda Londo ya daɗe yana gani a mafarki, sai dai shi ya roƙi Jikar ya yi masa hakan domin ya kuɓutar da mutanensa daga abin da ke wuyansa. Vir, wanda danginsa suka jefar, shi ya gaji sarautar.

Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na shafe shi, amma haƙƙin wani bawa yana nan sai mai shi ya yafe. Mun san wannan, mun ma karantar da shi. Kunya ce a ce sai da wasu Turawa suka shafa fenti a fuska suka sa gashin ƙarya sannan karatun ya sauko daga kai zuwa zuciya, amma haka aka yi, kuma ba za mu ɓoye ba.

Bayan Babbar Sallah ta shekarar da ta biyo muka hau mota muka tafi garin da Alhaji yake. Mun same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, idonsa ya yi rauni. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya gane muryar. Muka faɗi abin da ya kawo mu ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi shiru har muka zaci bai ji ba, sannan ya ce, "Ai tun a lokacin na sani. Wani ya karanta mini takardar, na ce wannan tsarin magana na yaron nan ne, babu mai iya jera ta haka a zauren. Mahaifina ne ya kama hannunka ya koya maka ba da sin." Ba mu iya ɗaga kai ba. Ya sa aka kawo mana ruwa da abinci, ya matsa sai da muka ci. Da za mu tashi ya ce, "Filin ya tafi, ba na nemansa. Abin da ke damuna jikokina, an rubuta a takardar hukuma cewa kakansu baƙo ne mai ɓoye ɓarayi. Alƙalamin da ya rubuta waccan ya rubuta wata, a faɗi gaskiya, wanda ya sa hannu a ta farko ya sa a ta biyu, a karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ranar da aka yi haka na yafe, duniya da lahira."

Mun rubuta takardar a daren da muka dawo, da Hausa da Turanci. Ba ta kai shafi ɗaya ba, amma ta fi kowace wasiƙa da muka taɓa rubutawa wuya. Da safe muka kai wa Maigida, muka karanta masa. Ya tsufa ƙwarai yanzu, ɗan siyasar nan ya daɗe da faɗuwa zaɓe ya daina zuwa, kujerar gaban ma ƙafa ba ta kai shi. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓa ya ninke ya sa a ƙarƙashin buzun da yake salla a kai. Ya ce, "Bari in duba, Malam." Bai yi fushi ba, bai kore mu ba. Tun daga ranar, duk bayan 'yan makonni mukan ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan." Yakan ce yana sane. Sau ɗaya mun shigo mun tarar da ita a buɗe a hannunsa, ya yi sauri ya mayar.

Wasu za su ce me ya sa ba mu ajiye aikin ba. Mun yi wannan tunani. Vir bai bar Londo ba har ƙarshe, kuma ba don kwaɗayi ba, ya ga cewa idan ya tafi babu sauran mai gaya wa tsohon gaskiya a cikin masu shiga wurinsa. Mu ma mun ci gishirin gidan nan, mun san alherin mutumin nan da mutane da yawa ba su sani ba, kuma muna tsoron ya tafi da wannan kaya a kansa. Abin da ya canja shi ne, tun daga lokacin takarda biyu aka kawo mu rubuta muka ce ba za mu rubuta ba, aka kuwa fasa, sama ba ta faɗo ba. Da mun san haka abin yake da sauƙi, da rumfar makarantar nan tana nan.

Kafin mu sa wannan rubutu a shafi mun gaya wa Maigida. Ya ce, "Rubuta naka, ka bar mini nawa." To ga namu: abin da aka faɗa a kan Alhaji da mutanen rumfunan nan ƙarya ne, mu muka tsara ta da hannunmu muna sane, kuma muna neman gafararsu, da ta tsohuwar mai koko wadda ta riga mu gidan gaskiya ba mu samu mun roƙe ta ba. Manyan unguwa da suka san zancen sun gane wanda ake nufi, waɗanda ba su sani ba kada su tambaya a ƙasan rubutun nan, ba za mu amsa ba.

Ga matasanmu masu riƙe wa manya waya da takardu, a fada ko a ƙungiya ko a ofishin ɗan siyasa, idan kun samu wasan nan ku kalla, ku sa ido a kan Vir. Alhaji ya haura tamanin, Maigida ma haka, takardar kuma tana ƙarƙashin buzu. Gobe Alhamis, bayan sallar la'asar za mu sake tuna masa. Ku taya mu da addu'a Allah ya sa a karanta ta suna raye su biyun.